Kurmin da ƙoramarmu ke fitowa a Mambila yana ƙarewa: mu kewaye shi da waya, ko akwai wata hanya?

Ɗan Tsauni ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye da ke kan tsaunin Mambila, cikin ƙaramar hukumar Sardauna ta jihar Taraba, ba nisa da hanyar da ta tashi daga Nguroje zuwa Gembu. Wanda ya taɓa hawa nan ya san yadda ƙasar take: tuddai ne masu ciyawa iya ganinka, itatuwan asali kuwa sun rage ne kawai a cikin kwaruruka da bakin rafuka, inda wuta ba ta cika kaiwa ba. A cikin irin wannan kurmi ne ƙoramar da garinmu ke sha take ɓuɓɓugowa.

Lokacin da muke yara, ruwan nan yana gudu har damina ta zagayo, kuma ba a iya hango idon ruwan daga waje saboda duhun ganye. Yanzu daga watan Fabrairu zuwa Maris sai ya koma ɗigo, mata su yi sammako su jera bokitai, wanda ya tsaya a kan tudu kuma yana iya ganin wancan gefen kurmin ta tsakiyarsa. Abubuwan da ke cin sa ba ɓoyayyu ba ne. Wutar rani tana lasar gefensa kowace shekara, shanu suna shiga shan ruwa suna tattake ƙananan itatuwa, wasu daga cikinmu manoma sun sare bakinsa sun shuka masara da gwaza domin ƙasar wurin baƙa ce mai albarka, sannan daga nan ne gidaje da yawa suke samun itacen girki.

Ƙungiyar matasan garinmu ta tara kuɗi domin a sayo waya mai ƙaya a kewaye kurmin baki ɗaya. Dattawa sun rabu biyu a kan maganar, ni ma zuciyata ba ta kwanta ba, domin tun rikicin watan Yuni na 2017, wanda aka yi asarar rayuka da dukiya a kan tsaunin nan saboda ƙasa, duk wanda zai kafa turke a fili sai ya yi tunani sau biyu. Muna zaune lafiya da rugagen da ke kusa da mu, muna cin kasuwa ɗaya, kuma ba na son ruwan sha ya zama sanadin ɓata wannan zama. Ina neman shawarar waɗanda suka ga an yi irin wannan aiki: ta ina ake farawa, kuma me za a ba mutumin da aka hana shi shiga wurin da yake samun abinci?

Tsohon Malamin Daji ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka da alheri da ka yi tambaya kafin a kafa turke. Na yi shekaru ina aikin gandun daji a wannan yanki kafin in yi ritaya, kuma shawarata ta farko ita ce ku ajiye maganar waya, ku fara da wuta.

Itatuwan kurmin tsauni ba irin kaɗanya da ɗorawa da kirya ba ne, waɗanda ɓawonsu ke da kauri, wuta ta wuce su sake toho. Nasu ɓawon siriri ne, kuma sun saba da inuwa da danshi, saboda haka idan wutar Janairu ta zo da iskar hunturu a bayanta, tana kashe na gefe da duk 'ya'yan da suka tsiro a ƙarƙashinsu. Inda suka mutu ciyawa take shiga, ciyawar nan kuma ita ce makamashin wutar baɗi, wadda za ta ƙara matsawa ciki. Da haka kurmi yake ja da baya taku-taku ba tare da an ɗora masa gatari ba, kuma waya ba ta tare harshen wuta. Abin da ke tare shi shi ne a yi gayya da zarar ruwa ya ɗauke, wajen watan Nuwamba, a share ciyawa a zagaye kurmin da faɗin da wuta ba za ta tsallake ba, sannan a ƙone abin da ke bayan sharar da sassafe ko da yamma, tun ciyawar tana da sauran ɗanye, da mutane riƙe da ɗanyun rassa suna tsare ta. Aiki ne na kowace shekara, kuma shekarar da aka yi sakaci tana iya cinye wahalar shekara biyar.

Ba sai kun yi nisa ba kafin ku ga misali. Kurmin Ngel Nyaki, kusa da ƙauyen Yelwa, an mai da shi gandun daji tun 1969 a ƙarƙashin hukumar gargajiya ta Gashaka, kuma faɗin gandun ya kai murabba'in kilomita 46, ko da yake ainihin kurmin kaso kaɗan ne daga ciki, sauran ciyawa ce. Takardar 1969 ba ta hana wuta da shanu da mafarauta shiga ba. Abin da ya kawo sauyi shi ne tashar bincike da Hazel Chapman ta Jami'ar Canterbury ta ƙasar Niyuzilan ta kafa a can cikin shekarun 2000, wadda ta ɗauki 'ya'yan ƙauyukan wurin aiki, suna sintiri, suna share hanyar wuta, suna renon itatuwan asali a lambu suna dasawa. Mutumin da albashinsa ya dogara da kurmi yana kallonsa da wani ido dabam, haka ma iyalinsa.

Abu biyu nake so ka ɗauka daga can. Na farko, ko a wuraren da suka kewaye suka hana wuta da kiwo, kurmin bai dawo da sauri ba, domin ciyawa tana shaƙe ƙananan tsirrai, kuma yawancin irin itatuwan nan tsuntsaye da birai ne ke ɗauke shi su yaɗa a cikin kashinsu. A Ngel Nyaki har da birin nan mai kama da mutum da ake kira cimfanzi, irin wanda ba a samu sai a Najeriya da Kamaru. Saboda haka yaran da ke bin tsuntsayen kurminku da danƙo suna rage masu yi muku shuka ne. Na biyu, su suna da tallafi daga waje, ku kuwa ba ku da shi, don haka kada ku yi wa kowa alkawarin albashi.

Ina kuma roƙonku kada ku cike gurbin da zaiti, wanda wasu ke kira turare. Ya rufa wa Mambila asiri wajen katako da itacen girki, ban musa ba, amma yana da shan ruwa, kuma ba abin da ke tsirowa da kyau a ƙarƙashinsa. Wurinsa kan tudu ne, nesa da idon ruwa.

Ɗan Arɗo ya amsa:

Salamu alaikum. Baba Malamin Daji ya yi bayanin wuta yadda ya kamata, amma ina so in faɗi yadda abin yake daga ɓangaren ruga, domin a can aka haife ni, kuma har yanzu shanun gidanmu suna kan tsaunin nan.

Makiyayi ba ya cinna wuta don ƙeta. Idan rani ya yi nisa ciyawa tana bushewa ta yi tauri, saniya ba ta samun komai a cikinta, amma idan aka ƙone, bayan 'yan kwanaki sabon toho yana fitowa, shi ne ke riƙe dabba har ruwa ya sauka. Idan aka ce masa kada ya ƙone ko'ina, an ce masa ya zuba ido dukiyarsa ta rame. Idan kuwa aka ce masa ga ranar da za a ƙone tare, ga iyakar da wuta ba za ta wuce ba, wannan magana ce da arɗo zai iya kai wa jama'arsa ba tare da jin kunya ba. Haka kuma shanu ba ganyen kurmi ke kai su ciki ba, ƙishirwa ce. Kakanninmu sun hau tsaunin nan tun zamanin Turawa saboda sanyi da ciyawa da rashin ƙudan tsando mai kawo sammore, kuma kowace ruga ta san mashayarta ta rani tun daga wancan lokaci. Ranar da aka wayi gari aka ga waya a tsakanin garke da mashayarsa, ba wanda zai tsaya tambayar ko don kare itatuwa aka yi.

Akwai kuma abin da waya take nufi a Mambila, wanda kai ma ka sani, Malam. Masu hali sun kewaye tuddai da dama da takarda a hannunsu, kuma wanda abin ya matse shi ne ƙaramin manomi da ƙaramin makiyayi, su biyun da ake haɗawa faɗa a kan ɗan abin da ya rage. Shi ya sa duk wayar da aka ja, ana fassara ta da cewa wani ya ce nan nasa ne. Idan ƙungiyar matasan gari ce kaɗai ta ja ta, a ruga za a ce gari ya ƙwace ruwa.

Da ni ne, kuɗin wayar nan zan sayi bututu da siminti da su. A jawo ruwa daga ƙasan idon, a fito da shi wajen kurmi, a gina kwami mai tsawo inda shanu za su sha, a yi wa mata wurin ɗiba dabam a sama da shi domin kada ruwansu ya gurɓace, sannan a bar burtali mai faɗi daga tudu zuwa kwamin, kada wani ya shuka masara a kansa da damina. Saniyar da ta sha ta ƙoshi ba ta da abin nema a cikin duhuwa. Bayan an yi wannan, idan har ana bukatar waya, sai a ja ta a kan idon ruwan kawai, kuma a sa hannun 'yan ruga a wajen kafa turakun.

A lura da wani abu: yaran da kuke gani a bayan shanu, da yawansu ɗaukar su aka yi kiwo, ba su da ikon yanke komai. Masu shanun za ku nema, wasunsu ma suna zaune a Gembu ko Nguroje. Kuma idan an sa tara, ta zama ɗaya ga wanda shanunsa suka shiga da wanda ya sare gefen kurmi ya yi gona. Ko a gandun ƙasa na Gashaka Gumti, wanda aka kafa a 1991, wanda ya fi kowane gandu girma a Najeriya da faɗin sama da murabba'in kilomita 6,000, ba a kori kowa da kowa ba: an bar wasu wurare a kan tsaunukansa inda makiyaya da manoma ke zaune bisa sharuɗɗa. Idan hukuma mai dakarun daji ta ga dole ta zauna da mutane, ƙungiyar matasa ta fi bukatar hakan.

Hajiya Mai Zuma ta amsa:

Sallama gare ku. Ni Bahaushiya ce haifaffiyar Bamenda ta ƙasar Kamaru, kuma na daɗe ina sayen zuma daga ƙasar Oku ina sayarwa, don haka zan amsa rabin tambayar Malam na biyu, wato me za a ba mutum a madadin abin da aka hana shi.

Tsaunukanmu da naku tsatso ɗaya ne, iyaka ce kawai ta ratsa. Dutsen Oku tsayinsa mita 3,011 ne, kuma a jikinsa ne kurmin Kilum-Ijim yake, mai kimanin hekta 20,000. Shi ma gonaki da wuta da awaki sun ci shi ƙwarai kafin ƙungiyar kare tsuntsaye da yanzu ake kira BirdLife International ta fara aiki a can a 1987, saboda wani tsuntsu mai jan tukku da ba a samun sa sai a tsaunukan wannan yanki. Sai dai mutanen Oku da Kom da Nso, waɗanda ke zaune kewaye da kurmin, ba don tsuntsu suka yarda ba. Sun yarda ne saboda ruwa da magani da zuma, kuma saboda an bi ta hannun sarakunansu da majalisunsu na gargajiya, aka taka iyakar kurmin da ƙafa tare da masu gonakin gefe. Daga baya dokar daji ta Kamaru ta 1994 ta ba ƙauyuka damar riƙe dajinsu da kansu, har hekta 5,000, bisa yarjejeniya da hukuma.

Farar zumar Oku daga furannin itatuwan kurmin nan take samuwa, ba ta yiwuwa a wani wuri, kuma a 2013 aka yi mata rajistar da ta hana a sayar da wata zuma da sunanta. Masu amya suna saƙa ta da gora da ciyawa, su ajiye a kwari inda ya fi ɗumi har ƙudan zuma su shiga, sannan su ɗauke ta a ka su hau da ita cikin kurmi. Mutumin da ya sha wannan wahala, idan ya hango hayaƙi, ba ya jiran shela, da gudu yake fita, domin dukiyarsa ce a rataye a can. A ganina wannan ya fi kowane mai gadi.

Amma kada a yi wa mutane romon baka. Amya ba ta cika duk shekara, wasu ma ƙudan ba sa shiga, kuma zumar da aka ɗebo da wuta ta ƙone, ko aka matse ta da 'ya'yan ƙuda a ciki, ba ta da daraja a kasuwa. Sai an koyi ɗiba da hayaƙi kaɗan, a tace da tsabta, a ware kaki a sayar dabam. Zuma ƙari ce a kan gona, ba ta maye gurbinta. Kuma ba duk abin da kurmi ke bayarwa ne ke kare shi ba: a Oku akwai wata bishiya da ake sayen ɓawonta ana kai wa Turai domin haɗa maganin cutar da ke tsare wa dattawa fitsari, kuma da kuɗi suka shigo, sai aka riƙa feɗe ta har ta bushe a tsaye, har Tarayyar Turai ta dakatar da saye daga Kamaru a 2007.

Abin da ya fi damuna shi ne har yanzu ba wanda ya ambaci mata sai a wajen jera bokiti. Macen da aka hana shiga kurmi, da me za ta dafa tuwon dare? Idan ba a tanadar mata itace ba za ta shiga da asuba, kuma ba ta yi laifi ba. A ware ranakun da za a tsinci busassun rassa, a hana saran ɗanye kawai, a dasa zaiti a kan tudu da sunan mata, a koya musu ginin murhun laka mai cin itace kaɗan. A kuma ba su kujera a kwamitin, domin su ne suka san ranar da ruwa ya fara ja baya. Masu adashi a cikinsu za su iya fara sayen amya tun kafin maza su gama taro.

Ɗan Tsauni ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Baba, da kai ɗan'uwa, da ke Hajiya. Na karanta wa shugabannin ƙungiyarmu amsoshinku, kuma maganar kwami ta shige su, har ɗaya daga cikinsu, wanda magini ne, ya ce zai yi aikin kyauta. Mun shirya mu je wurin jauro, wato mai garinmu, shi kuma ya aika wa arɗo. Saura abu biyu. Gonakin da ke bakin kurmin na gidaje ne marasa ƙarfi, ɗaya ma ta wata gwauruwa ce mai marayu, kuma ba ni da fuskar da zan ce mata ta tashi. Sannan wasu suna cewa mu nemi takardar mallakar wurin da sunan ƙungiya domin kada wani mai kuɗi ya riga mu.

Tsohon Malamin Daji ya sake amsawa:

Malam, kada ku tayar da kowa. Ku tsayar da iyaka a inda gatari ya tsaya yau, a yarda cewa ba za a ƙara taku ɗaya ba, sannan a taimaki masu gonakin su mai da layukan da ke manne da kurmi zuwa ayaba da fiya da kofi, waɗanda ke son danshi, suke riƙe ƙasa, kuma ba a ƙone gonarsu bayan girbi kamar ta masara. Fiya tana ɗaukar shekaru kafin ta yi 'ya'ya, don haka a bar su su ci gaba da shuka a tsakanin dashen har inuwa ta rufe. Su ne kuma ya kamata a fara ba wurin rataya amya, tun da su suka fi kowa asara. Gonar baiwar Allah nan, ƙungiyarku ta yi mata gayyar dashen.

Batun takarda kuwa, tsoron nasu yana da tushe. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar jiha a hannun gwamna, ta kuma ba ƙaramar hukuma ikon bayar da izinin riƙe ƙasar karkara, har hekta 500 domin noma da hekta 5,000 domin kiwo, saboda haka wurin da ba a rubuta komai a kansa ba yana iya faɗawa cikin takardar wani. Amma sunan ƙungiyar matasa a kan takardar zai dawo da ku ga abin da Ɗan Arɗo ya yi gargaɗi a kai. Abin da na ga ya fi ɗorewa shi ne rubutacciyar yarjejeniya da ta ce wurin mashaya ce ta jama'a, ba ta sayarwa ba, ba ta gado ba, wadda jauro da arɗo da wakiliyar mata da masu gonakin gefe za su sa wa hannu a gaban hakimi, a kai kwafi sashen gandun daji na ƙaramar hukuma a Gembu, a nemi su zo su ga iyakar da idonsu. A rubuta a ciki wa ke riƙe kuɗin tara da abin da za a yi da su, kuma a riƙa karanta lissafin a bainar jama'a, domin kwamitocin da na ga sun rushe, yawancinsu a kan kuɗi suka rushe.

Ku gama kwamin kafin ruwa ya ɗauke, domin ranar da za ku kira gayyar share hanyar wuta a Nuwamba, 'yan ruga su zo sun riga sun ga abin da aka yi musu. Kafin nan, ka ɗauki matasa biyu ko uku da mace ɗaya ku je Yelwa ku roƙi a nuna muku lambun renon itatuwa, ku tambayi waɗanne iri ne ke jure rana a gefen kurmi da watan da ake tsintar 'ya'yansu. Ku tafi da ganye da 'ya'yan manyan itatuwan kurminku a cikin jaka domin su gane muku su.